Yaron da ya daina kuka: nazarin lamarin wani maraya daga yankin Kumo

Wannan bayani ne kan yaro guda da na bi lamarinsa daga Afrilun 2022 zuwa Fabrairun 2025, ina aikin jinya a sashen masu tamowa. Na sakaya sunansa da na ƙauyensu, kuma sai da uwar riƙonsa ta amince na ɗauki alƙalami. Awon jikinsa daga katinsa na kwafo. Sauran daga bakin dangi ne, da wani littafin makaranta mai shafi 40 da aka riƙa cikewa a gida.

## Fabrairu 2020 zuwa Maris 2022: hannun da ya bi

An haife shi a gida, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Akko, tafiyar rabin awa a babur daga Kumo. Bayan mabiyya ta faɗo jini ya ɓalle wa mahaifiyarsa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Bai taɓa kama nononta ba.

Kakarsa ta wajen uba, wadda kowa a gidan ke kira Dada, ita ta karɓe shi. Ta fara da madarar gwangwani, da kuɗi suka gaza ta koma madarar shanu da kunu. Tana goya shi, tana kwana da shi, kuma dangi sun shaida cewa a lokacin yana murmushi yana bin mutum da ido. A Yulin 2020, yana wata 5, ɓarin jikinta ya shanye. Uban direban babbar mota ne, yakan yi sati uku bai kwana gida ba. Sai yaron ya koma ɗakin kishiyar mahaifiyarsa, mai tagwayen da suka girme shi da wata uku, ga wasu yara huɗu, ga gona, ga surukar da ke kwance sai an juya ta.

Ba ta taɓa dukansa ba, ba ta kuma hana shi abinci ba. Abin da ta gaya mini da bakinta shi ne: "Sista, baya ɗaya gare ni, su biyu ma kokawa suke a kansa." Yaron yana yini a kan tabarma a ƙuryar ɗaki. Wata yarinya 'yar shekara 7 ke ɗura masa kunu sau uku ta fita wasanta. Tun yana tsala kuka har ya daina, gidan kuma suka ɗauka haƙuri ne da shi. Har yabonsa ake yi.

Da ya shekara ɗaya da rabi bai miƙe ba, bai ce ko "baba" ba, sai aka fara magana. Wasu suka ce shafar iska ce, wasu suka ce inuwar uwarsa ce ke binsa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi ruƙiyya sau biyu, an sayo ruwan magani mai sa cin abinci a kemis. Wata takwas ana wannan.

## Afrilu 2022: ranar farko a wurin awo

Gudawa ce ta kawo shi, ba rashin magana ba. Yana wata 26, nauyinsa kilo 7.6, alhali sa'anninsa maza kan kai kilo 12. Da na zagaya igiyar awo a damtsensa ta tsaya a santimita 10.9, cikin ja, domin duk abin da ya gaza 11.5 tamowa ce mai tsanani. Yana zama, yana jan gindi, ba ya tafiya.

Yaran da ake ɗorawa a sikeli yawanci ihu suke, suna miƙa hannu wajen uwa. Shi ko motsi bai yi ba. Na sauke shi a tabarma, ya shiga rangaji gaba da baya, ya ɗaga tafin hannunsa dab da idonsa yana jujjuya yatsu. Na kira sunansa sau biyar bai waiga ba. Na saki cokali a siminti a bayansa, ya zabura. Da na kai fuskata saitin tasa sai ya kau da kai, kamar wanda aka haska wa tocila.

Akwai wata takardar tantancewa mai tambaya 20 da ake yi wa iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30, M-CHAT-R, don gano wanda ke buƙatar a bincike shi kan lalurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke mu'amala da mutane da yadda yake magana. Wasu na kiran lalurar galahanga, amma kalmar tana haɗa laluri daban-daban a bakin mutane, shi ya sa na bar ta. Maki 8 zuwa sama alama ce ta haɗari babba. Ya samu 13. Takardar ba ta yanke hukunci, nuni kawai take yi a kai yaro gaba, na kuma rubuta hakan a katinsa.

## Afrilu zuwa Yuli 2022: jiki ya dawo

Aka ɗora shi kan abincin tamowa na leda, mai gyaɗa da madara, wanda kowace leda ke da kuzarin kalori 500, tare da maganin ƙwayoyin cuta na kwana bakwai. A sati 9 nauyinsa ya kai kilo 9.1, damtse 12.6, aka sallame shi. Ya fara kama bango yana miƙewa.

Rangajin bai ragu ba. Sai ma buga ƙeya a bango da ya ƙaru tunda ƙarfi ya samu. A Yuli aka kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, aka duba kunne, yana ji. Likitar yara ta rubuta cewa akwai jinkirin girma ta kowane fanni da alamu masu kama da otizim, amma ta ce ba za ta ɗora masa sunan ba sai an ga yadda zai yi a hannun mutum guda mai lokacinsa. Abin da ya isa kunnen dangi a ƙauye rabin maganar ne: likita ta ce otizim.

## Agusta zuwa Oktoba 2022: feshin hanci

Ƙanen uban, da yaran gidan ke kira Bappa, ma'aikaci ne a Abuja, mai karance-karance. Ya ci karo da bayanai a intanet cewa masu otizim suna da ƙarancin wani sinadari mai suna oksitosin, wanda ake wa laƙabi da sinadarin ƙauna, kuma ana feshe shi a hanci. Ya yi odarsa daga waje, kwalba uku, a kuɗin da ya kai na buhun masara biyu a lokacin.

Sinadarin kam gaskiya ne, kuma mu masu aikin asibiti mun daɗe da saninsa. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa shi a wani sashe can ƙasanta, ta saki wani cikin jini, wani ya yi aiki a cikinta. Shi ke matse mahaifa lokacin naƙuda, shi ke sa nono ya tsatso idan jariri ya kama, ko ma uwa ta jiyo kukansa daga tsakar gida. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Dale, ya gano aikinsa kan mahaifa a 1906, Vincent du Vigneaud ya harhaɗa shi a ɗakin gwaji a Amurka a 1953. Shi ne allurar da muke ajiyewa a firji, muke yi wa mai haihuwa awo 10 a cinya da zarar jariri ya fito don kada jini ya ɓalle. Da na karanta jikin kwalbar Bappa sai da na ɗan zauna. Abin da mahaifiyar yaron ba ta samu ba daren da ta rasu, shi ne aka sayo da tsada za a fesa wa ɗanta a hanci.

Batun shaƙuwa ya samo asali ne daga wasu ɓerayen jeji na Amurka da namiji da mace ke zama tare tsawon rai. Masu bincike irin su Sue Carter da Thomas Insel sun nuna cewa oksitosin da ɗan'uwansa basofiresin, waɗanda ƙwayar gini biyu kacal cikin tara ta raba su, suna da hannu a wannan manne wa juna, kuma in an toshe musu hanya a ƙwaƙwalwa shaƙuwar ba ta ƙulluwa. Daga nan mutane suka fara fatan ko zai yi wa masu otizim magani.

Na gaya wa Bappa a waya cewa ba na goyon baya, ya ce, "Sista, bari mu gwada, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare." Aka riƙa fesa wa yaron safe da yamma har sati 8. Sai mutum biyu sun danne shi. Abin da aka lura da shi: yoyon hanci, da gudun duk wanda ya tunkaro shi da abu a hannu. Ba ya waigowa in an kira shi, rangaji na nan, babu kalma. Da kwalaben suka ƙare wani mai kemis ya ba su shawarar a fasa allurar naƙuda a ɗiga masa. Allah ya sa uban ya kira ni kafin a yi, na hana.

## Nuwamba 2022 zuwa Afrilu 2023: ɗakin Goggo

Yayar uban tana zaune a Bolari cikin Gombe. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun girma saura autarta mai aji biyar a sakandare, sana'arta ƙosai da safe. Ta je ƙauye duba Dada, ta tarar da yaron yana buga kai a bango ba mai kallonsa. Ta ce wa ƙanen nata, "Malam, ba ni shi." Ranar 12 ga Nuwamba ta taho da shi.

Muka zauna da ita muka tsara abubuwa kaɗan, babu na saye a ciki. Ita kaɗai za ta riƙa yi masa wanka da ba shi abinci, tana zaune a ƙasa fuska da fuska. Za ta goya shi aƙalla awa uku a yini, har wajen tuya, amma nesa da kasko. Duk sautin da ya yi ta maimaita masa, ta jira. Duk abin da ya kalla ta faɗi sunansa. Kayan wasa: gwangwanin madara, cokali, murfin kwano. Autar za ta rubuta abin da ya faru kowane dare, layi biyu ko uku.

Sati shida na farko sun fi komai wuya. Yaro ɗan kusan shekara uku da rabonsa da baya tun yana wata 5, ana ɗora shi sai ya sandare kamar itace, ya bankare, majanyi ya kwance. Ya cije ta a kafaɗa sau biyu, na ga shatin haƙoran. Da dare ba ya barci sai ya sauko daga katifa ya kwanta a siminti, cikin sanyin hunturu. A littafin, ranar 19 ga Disamba, autar ta rubuta: "Mama ta yi kuka, ta ce za ta mayar da shi." Washegari Goggo ta zo wurina ta ce, "'Yata, anya ba wahalar da shi nake ba? Yaron nan ba ya son mutum." Muka rage goyon zuwa minti goma-goma, sau da yawa, ta daina neman idonsa da ƙarfi, ta koma zama a gefensa tana buga nata gwangwanin yana buga nasa.

Daga nan littafin ya fara canza launi. Ranar 8 ga Janairun 2023 ta kira shi daga bakin murhu ya waiga. A ƙarshen watan ya kwantar da kunci a bayanta ya yi barci. A Fabrairu, kwana kaɗan bayan ya cika shekara 3, ya taka ba tare da kama komai ba. A Maris ya miƙo mata murfin kwano, ya kalli murfin, ya kalle ta, ya sake kallon murfin. Wannan kallo mai zuwa da dawowa shi na fi jira, domin shi ne alamar yaro yana son a ga abin da ya gani.

Cikin azumin shekarar, a goman ƙarshe, Goggo ta yafa mayafi za ta fita sallar dare, ta bar shi wajen autar. Ya bi ta har zaure, ya kama gefen zaninta, ya fashe da kuka mai hawaye. Da safe ta bar ƙosai a hannun maƙwabciya ta zo ta gaya mini, tana dariya tana share ido: "Sista, ya yi mini kuka!"

## Yuli 2023: sati uku a ƙauye

An kwantar da Goggo don aikin ido, aka mayar da yaron ƙauye na kwana 20. Ya dawo ya rage gram 400, yana rangaji, kalmomi shida da ya mallaka sun koma biyu. Ya ƙi kallon Goggo kwana huɗu. Zuwa tsakiyar Agusta kalmomin suka dawo, rangajin ya koma sai in ya gaji ko ya ji tsoro. Tun daga nan ba a sake kwanar da shi wani wuri ba tare da ita ba.

## Satumba 2024 zuwa Fabrairu 2025: inda aka tsaya

An sa shi Islamiyyar unguwa yana shekara huɗu da rabi. A awon ƙarshe, Fabrairun 2025, nauyinsa kilo 15.2, gajere ne a kan sa'anninsa. Yana haɗa kalma uku zuwa huɗu, yana nuna abu da yatsa, yana wasan sayar da ƙosai da duwatsu, yana kawo ƙara in an tsokane shi. Buga kai ya tafi gaba ɗaya. Likitar da ta gan shi a 2022 ta sake duba shi, ta ce ba ya cikin ma'aunin otizim. Ta rubuta jinkirin harshe, da rashin natsuwa wuri ɗaya, da wani abu na uku: ba ya bambanta baƙo da na gida. Kowa ya miƙo hannu zai bi shi.

## Abin da na fahimta

A ganina wannan yaro bai taɓa samun otizim ba. Abin da ya same shi sananne ne tun daga Romaniya. Bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Nicolae Ceausescu, a Disamban 1989 an tarar da dubban yara jibge a gidajen marayu, ana ba su abinci ba mai ɗaukarsu. Michael Rutter da abokan aikinsa sun bi waɗanda iyalai a Ingila suka karɓa, suka bayyana a 1999 cewa cikin yara 111, kusan 6 cikin 100 suna da ɗabi'u masu kama da otizim, amma da yawansu sun sassauta sosai tsakanin shekara 4 da 6. Bin kowane baƙo da rashin natsuwa na cikin abubuwan da suka fi daɗewa tare da su, daidai abin da ya rage wa namu. A Bukares, babban birnin Romaniya, kuma, binciken da aka fara a 2000 da yara 136 ya nuna cewa waɗanda aka ba iyalai riƙo kafin su kai wata 24 sun fi waɗanda aka makara da su. Namu ya shiga hannun Goggo yana wata 33. Ina zaton wata biyar ɗin da ya yi a bayan Dada sun yi masa rana.

Ina oksitosin a ciki? Ba a auna nasa ba, kuma awon ba zai canza abin da aka yi ba. A 2005 masu bincike a jami'ar Wiskonsin sun ɗora yara a cinyar iyayensu mata ana wasa ana cakulkuli, sannan suka auna fitsarinsu. Na yaran da suka tashi a gida ya hau. Na yara 18 da aka ɗauko daga gidajen marayu bai hau haka ba, basofiresin ɗinsu kuma ya yi ƙasa, duk da sun shekara kusan uku a sabon gida. Ƙaramin bincike ne, an kuma yi ta muhawara kan hanyar awon, amma ya dace da abin da ake gani: tsarin nan da taɓawa da kallo da amsa kuka yake ginuwa, sau dubbai, daga mutumin da yaro ya sani. Jiki na sakin sinadarin ne a daidai lokacin da abin ke faruwa, kuma cikin 'yan mintuna rabinsa ya bar jini. Feshi safe da yamma, ana danne yaro, ba shi da abin da zai liƙa wa daɗin.

Ko da otizim ɗin ne ma, feshin ba zai fisshe shi ba. A Oktoban 2021, wata goma kafin Bappa ya yi oda, an wallafa gwajin da Linmarie Sikich ta jagoranta a Amurka: yara 290 masu otizim 'yan shekara 3 zuwa 17, sati 24, rabi na samun oksitosin rabi na samun feshin da babu magani. Ba a ga bambanci a mu'amalarsu ba. Tun 2014 Karen Parker ta jami'ar Stanford ta auna jinin yara 193 ta tarar masu otizim ba su gaza sauran ba a yawan sinadarin. A kowane rukuni akwai mai yawa akwai mai kaɗan.

Abincin tamowa bai taɓa rangajin ba, amma ba don shi ba da babu ƙarfin da zai taka ko ya yi wasa. Haka aka gani a Jamaika, inda Sally Grantham-McGregor ta nuna a 1991 cewa yaran da suka tsumbure sun fi ci gaba idan an haɗa musu abinci da wasa. Sati ukun ƙauye kuwa su suka fi gamsar da ni, domin abin da aka cire shi ne Goggo kaɗai, kuma da ta dawo komai ya biyo ta.

Akwai abin da nake tsoro game da wannan labari. Wata mata da ke kawo ɗanta mai otizim na gaske, yaron da ya sha nono shekara biyu, aka goya shi har ƙafarsa na taɓa gwiwarta, ta ji labarin a layin awo ta tare ni: "Sista, ashe ni ce ban riƙe shi da kyau ba?" Na ce mata a'a, kuma ba lallashi ba ne. An taɓa ɗora wa iyaye mata wannan laifi a Amurka bayan Leo Kanner ya bayyana lalurar a 1943, aka ce sanyin zuciyarsu ne ya jawo, har binciken tagwaye daga 1977 ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, a gidajen da ake ji da yara da waɗanda ba a ji da su. Ɗanta zai amfana da koyarwa da haƙuri, amma goyo ba zai cire masa ita ba. Shi ya sa tambayar farko da nake yi yanzu, kafin in ɗauko takardar maki, ita ce: wa ke yini da yaron nan, kuma tun yaushe?

A Janairun 2025 namu ya bi wani mai Keke Napep har kusa da babbar kasuwa, mutumin kirki ne ya zagayo da shi unguwa yana tambaya gida-gida. Goggo ta sa tela ya ɗinka lambar wayarta a cikin wuyan kowace rigarsa. Mun rabu a kan za ta sake kawo shi awo a watan Agustan 2025.